Yadda Ake Warware Wasa Ƙwaƙwalwa Ba Tare da Canke Ba

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matashi ne daga Daura, na gama karatun koyon malanta, ina kuma shirin jarrabawar ɗaukar aiki wadda aka ce mana ana sa tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa a cikinta. Ga wadda ta gagare ni. Audu, Bala, Sani da Garba fatake ne. Kowannensu ya ɗauki kaya iri ɗaya, gero ko wake ko barkono ko gyaɗa, ya nufi gari ɗaya, Daura ko Mashi ko Funtuwa ko Jibiya, kuma babu biyun da suka haɗa kaya ko suka haɗa gari. An ba da bayani shida. Na ɗaya, mai wake Mashi ya je, mai gyaɗa kuma Daura. Na biyu, ba a kai barkono Funtuwa ba. Na uku, Audu bai je Daura ba, bai je Mashi ba. Na huɗu, Bala ko dai gero yake sayarwa ko gyaɗa. Na biyar, idan Bala ne ya je Daura, to Sani ne mai barkono. Na shida, Sani ba ya sayar da wake, kuma bai je Jibiya ba. Wa ya je ina, kuma da wane kaya? Ni da na biyar na fara, na sa Bala a Daura, na ba Sani barkono, amma da na zo kan na shida sai komai ya wargaje. Shin tambayar ce ke da kuskure, ko akwai hanyar da ake bi wadda ba canke ba? Ko kuwa abin baiwa ne, wanda ba a ba shi ba sai ya haƙura?"

Wa'alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya kuma ba ka sa'ar abin da ka sa gaba. Tambayarka guda uku ce a ƙunshe cikin ɗaya: ko wannan matsalar tana da amsa, ko akwai tsarin da ake bi wajen warware irinta, da kuma ko ana koyon tsarin ko haihuwar mutum ake yi da shi. Matsalar lafiyarta ƙalau, amsarta ɗaya ce tak, kuma za mu fito da ita tare a nan. Tsarin kuwa ana koyonsa kamar yadda ake koyon raba dogon lissafi, domin na daɗe ina koyar da lissafi a makarantun sakandare a nan Katsina, kuma ɗaliban da na ga sun ƙware a wannan fanni galibinsu ba masu saurin ɗaga hannu ba ne, masu haƙurin rubuta dalili ne. Gaba ɗaya aikin ya rataya a kan rarrabe abu biyu da suke kama da juna a zuciyar mai gaggawa: abin da zai iya yiwuwa, da abin da ya zama dole. Ba a rubuta komai a takardar amsa sai na biyun.

Bambancinsa da kacici-kacici

Da yawa daga cikinmu mun shigo wannan fage ne da ɗabi'ar kacici-kacici, wadda muka taso da ita a dandali da tsakar gida. Idan aka ce maka "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", babu wani matakin tunani da zai kai ka ga tsintsiya dole. Ko dai ka taɓa ji, ko hoton ya faɗo maka a rai, in kuwa ya ƙi faɗowa sai ka ba da gari a faɗa maka. A can canke shi ne wasan, kuma babu laifi a ciki. Irin tambayar da ka aiko kuwa gininta daban ne, domin an zuba duk abin da ake buƙata a cikin bayanan da aka bayar, babu abin da aka ɓoye a waje, kuma kowane mataki yana da hujjar da za a iya nunawa da yatsa. Wanda ya kawo ɗabi'ar dandali nan zai riƙa jefa amsa yana jiran ta dace, wani lokaci ma ta dace ɗin, amma Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a wannan fanni maganar ta zauna daidai, saboda amsar da aka samu da sa'a ba ta koya wa mai ita yadda zai yi da tambaya ta gaba.

Ilimin da ke kula da wannan shi ne wanda malamanmu na zaure suke kira manɗiƙi, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Asalin tsara shi ana danganta shi ga Arisɗo na ƙasar Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya malaman Musulunci suka fassara shi suka faɗaɗa shi. Shehu Almagili, wanda ya zo Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kansa, har ma ya kare shi a baitoci lokacin da Imam Suyuɗi ya soki karanta shi. Shehu Abdurrahman Al'ahdari, mai littafin fiƙihun nan da yaranmu suke kira Ahalari, shi ne kuma ya tsara waƙen manɗiƙi da ake kira Sullamu a ƙarni na 16. Abin da duk suke bi shi ne wannan: idan an ba ka maganganu aka ce ka karɓe su a matsayin gaskiya, wace magana ce kuma ta zama tilas ka karɓa, wacce ce ba ta zama tilas ba?

Inda ka yi tuntuɓe

Bayani na biyar bai ce Bala ya je Daura ba. Cewa ya yi idan ya je, to ga abin da zai biyo baya. Magana mai sharaɗi alkawari ce tsakanin abu biyu, ba ta tabbatar da ko ɗaya daga cikinsu ita kaɗai, kuma wannan shi ne wurin da na fi ganin ɗalibai suna faɗawa, har da manya masu digiri.

Ɗauki misalin da ba za ka yi shakkarsa ba: idan mutum yana cikin garin Daura, to yana cikin jihar Katsina. Labari iri huɗu ne za a iya kawo maka game da wani mutum. In aka ce yana Daura, ka san dole yana jihar Katsina. In aka ce ba ya jihar Katsina, ka san dole ba ya Daura, domin da yana can da alkawarin ya karye. Waɗannan biyun su ne hanyoyi ingantattu, ta farko tana tafiya gaba, ta biyu tana dawowa da baya ta hanyar korewa. Amma in aka ce maka yana jihar Katsina, ba ka da ikon cewa yana Daura, yana iya kasancewa a Malumfashi ko Dutsinma. Haka nan in aka ce ba ya Daura, ba ka san komai ba game da jihar da yake, ko yana Kankiya ko yana Legas. Waɗannan biyun na ƙarshe tarko ne, kuma masu shirya tambayoyi sun san mutane suna faɗawa cikinsu, shi ya sa suke yawan ɗana su.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Peter Wason, ya gwada wannan a 1966 da kati huɗu. Kowane kati yana da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar, abin da ake gani a sama kuwa, a misali, shi ne A, K, 4 da 7. Aka ce doka ita ce duk katin da ke da wasali a fuska ɗaya, to lambar bayansa mai rabuwa biyu daidai ce. Waɗanne katuna ne dole a juya don a gane ko an karya dokar? Mafi yawan mutane A da 4 suke zaɓa, ko A kaɗai, alhali amsar ita ce A da 7, kuma waɗanda suke dacewa ba su fi mutum ɗaya cikin goma ba. Katin 4 ko me aka tarar a bayansa bai karya komai ba, amma 7 in aka tarar da wasali a bayansa doka ta rushe. Nakan zana katunan nan a allo in bar aji su yi ta gardama, sannan in goge in sauya musu labarin. In ce dokar makaranta ita ce duk wanda ke cikin ɗakin jarrabawa dole yana da katin shaida, ga ɗalibai huɗu: ɗaya an san yana ciki, ɗaya an san yana waje, ɗaya an san yana da kati, ɗaya an san ba shi da shi. Wa mai tsaro zai bincika? Nan take ajin yakan amsa baki ɗaya cewa na ciki da marar kati, babu mai ɓata lokaci a kan wanda ke riƙe da katinsa. Tambayar guda ce, riga kawai aka sauya mata. Wannan ne ya sa ba na yarda da zancen baiwa: tunanin yana nan a kan kowa, abin da ake koyo shi ne gane shi idan ya zo cikin haruffa da sunayen da ba a saba da su ba.

Warware matsalar fataken

Kafin a fara, yana da kyau ka san girman dajin da mai canke yake shiga. Hanyoyin raba gari huɗu ga mutum huɗu 24 ne, na raba kaya huɗu ma 24 ne, in aka ninka su za a sami 576, ɗaya kawai a ciki ke daidai. Aikinmu shi ne mu yi ta rage wannan adadi da hujja.

Ba dole ba ne a bi bayanai a jeren da aka kawo su. Ana farawa da wanda ya fi yanke magana, a ajiye mai "idan" sai an sami abin da zai motsa shi. Bayani na ɗaya ya ɗaure wake da Mashi, ya ɗaure gyaɗa da Daura, saboda haka gero da barkono ne suka rage wa Funtuwa da Jibiya. Na biyu ya hana barkono zuwa Funtuwa, ke nan barkono Jibiya, gero Funtuwa. Da bayani biyu kacal kowane kaya ya sami garinsa, 576 ta koma 24, kuma daga yanzu duk maganar da aka yi a kan kaya magana ce a kan gari.

A nan sai ka ɗauki takarda ka ja layuka, sunaye huɗu a gefe, garuruwa huɗu a sama, gida 16 ke nan. Duk gidan da hujja ta kore ka soke shi, ka kuma rubuta lambar bayanin da ya kore shi a ciki da ƙaramin rubutu. Wannan ƙaramar lambar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ranar da lissafi ya rikice ita ce za ta nuna maka daidai inda ka kauce, maimakon ka goge shafi duka. Na sha karɓar littafin ɗalibi in tarar ya goge wuri ɗaya har takarda ta huje, kuma in na tambaye shi me ya sa ya fara sa wane a nan, sai ya ce gani ya yi kamar zai dace.

Bayani na uku ya soke wa Audu Daura da Mashi, ya bar masa Funtuwa ko Jibiya. Na huɗu ya ce Bala gero ko gyaɗa, wato Funtuwa ko Daura, don haka a soke masa Mashi da Jibiya. A wannan gaɓa hanyoyi shida suka rage. Na shida ya soke wa Sani Mashi, tunda wake can ya je, ya kuma soke masa Jibiya. Yanzu ka daina duban layin mutane, ka dubi layin garuruwa daga sama zuwa ƙasa, wanda shi ne abin da masu koyo suka fi mantawa. A ƙarƙashin Mashi an soke Audu, an soke Bala, an soke Sani, saura Garba, mutumin da ba a ambaci sunansa ko sau ɗaya a cikin bayanan ba. Garba ne mai wake, Mashi ya je. A ƙarƙashin Jibiya an soke Bala da Sani, Garba kuma ya riga ya sami wurinsa, saura Audu. Audu ne mai barkono, Jibiya ya je.

Saura Bala da Sani, saura Daura da Funtuwa, hanya biyu ke nan, kuma sai yanzu ne bayani na biyar ya sami aikin yi. Ya ce idan Bala ya je Daura, Sani ne mai barkono. Mun riga mun tabbatar barkono na Audu ne, ba na Sani ba. Abin da sharaɗin ya yi alkawari bai faru ba, saboda haka sharaɗin kansa bai faru ba, daidai da mutumin da ba ya jihar Katsina wanda muka ce dole ba ya Daura. Bala bai je Daura ba, Funtuwa ya kai gero, Sani kuma ya kai gyaɗa Daura. Mataki na ƙarshe, wanda ba a tsallake shi, shi ne ka koma kan bayanai shidan ɗaya bayan ɗaya ka gwada su da amsar. Za ka ga na biyar bai karye ba, tunda Bala bai taka Daura ba balle a nemi cika alkawari.

Ka lura da wani abu game da abin da ya same ka. Da ka sa Bala a Daura ka ga komai ya wargaje, a gaskiya hujja ce ka samu a hannunka, sai dai ba ka gane ta ba. Rushewar ba ta nuna tambaya ta lalace ba, ta nuna cewa Bala bai je Daura ba.

Ƙaddarawa ba canke ba ce

Wannan ya kawo mu ga dabarar da ake komawa gare ta idan sokewa ta tsaya cak. Mutum yakan ce, bari in ƙaddara abu kaza ne, in bi shi in ga inda zai kai ni. In ya kai ga karo da wani bayani, to an tabbatar kishiyarsa. Bambancinta da canke shi ne mai ƙaddarawa ya san aro ya yi, yana rubuta abin a gefen takarda, kuma rushewa yake nema. Mai canke kuwa ya mayar da zatonsa gaskiya, ya cuɗa shi da abubuwan da aka tabbatar har ya kasa rarrabe su. Sannan akwai sharaɗi mai nauyi: in ka ƙaddara abu bai rushe ba, wannan bai isa hujjar cewa shi ne ba, sai ka gwada sauran hanyoyin ka ga sun rushe.

Ga ƙaramin misali. An fasa tulu a gida, kuma ɗaya daga cikin yara uku ce ta fasa. Binta ta ce Ladi ce. Ladi ta ce ba ita ba ce. Talatu ma ta ce ba ita ba ce. An tabbatar mana ɗaya ce kawai ta faɗi gaskiya. In muka ƙaddara Binta ce ta fasa, maganar Ladi da ta Talatu duk sun zama gaskiya, biyu ke nan, ya rushe. In Ladi ce, Binta da Talatu sun yi gaskiya, ya sake rushewa. In Talatu ce, Ladi kaɗai ta yi gaskiya, ya tsaya. Wanda idonsa ya buɗe zai gajarta hanyar: maganar Binta da ta Ladi kishiyoyin juna ne, dole ɗaya gaskiya ɗaya ƙarya, ke nan gaskiya guda da aka ba mu ta ƙare a tsakaninsu, abin da Talatu ta faɗa ƙarya ne. Neman maganganu biyu masu karo da juna shi ne abu na farko da nake yi a duk tambayar masu gaskiya da maƙaryata.

Hujjar da ba ta buƙatar gwaji

Ina son in nuna maka mataki na sama da wannan da abin da yake namu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi da taurari ɗan ƙasar Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimin lambobi, wato murabba'in da jimillar kowane layinsa take zama ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Lissafin abin nake nufi a nan, ba amfanin da wasu suke yi da shi ba. Ɗauki mafi ƙanƙanta, mai gida tara, a zuba 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da jimilla guda. Hanyoyin zuba lamba tara a gida tara 362,880 ne, mai gwaji zai kwana bai gama ba.

Mai hujja kuwa ga yadda zai yi. Jimillar 1 zuwa 9 ita ce 45, layuka uku na kwance sun raba ta daidai, don haka kowane layi 15 ne dole. Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60. A cikin wannan 60 an ƙirga kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da aka ƙirga sau huɗu, wato 45 ce da ƙarin lambar tsakiya sau uku. Ragowar 15 in aka raba ta uku ta ba da 5, saboda haka babu lambar da za ta zauna a tsakiya sai 5. Sannan 9 tana buƙatar abokai biyu masu jimillar 6, kuma hanya biyu ce kawai, 1 da 5 ko 2 da 4. Gidan kusurwa layi uku ne suke bi ta kansa, 9 kuwa layi biyu kawai take iya cikawa, don haka ba ta zama a kusurwa. In ta zauna a tsakiyar layin sama, 1 ta zauna a tsakiyar na ƙasa, 4 da 2 suka sa ta a tsakiya, sauran kuma suka cika kansu: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ba a gwada lamba ko ɗaya an goge ba. Duk wata sura da za ka gani ta wannan hatimi juya wannan ɗin aka yi ko aka kifa shi.

Sharaɗin da ba a faɗa ba

Akwai wani kuskure kishiyar naka, shi ne mutum ya ƙara wa tambaya dokar da ba ta cikinta. Ka san labarin mai kwalekwale da zai ƙetare da kura da akuya da damin dawa, ba ya ɗaukar fiye da ɗaya, ba a barin kura da akuya, ba a barin akuya da dawa. Tsohuwar tambaya ce, tana cikin tarin matsalolin da ake danganta wa malamin nan Alcuin na Ingila wajen shekara ta 800, da kyarkeci da kabeji a madadin namu. Tafiyar farko dole akuya ce, domin kura da dawa ne kaɗai za a bari tare. Inda mutane suke maƙalewa shi ne bayan an kai abu na biyu, saboda sun ɗauka a ransu cewa abin da aka ƙetarar ba a dawowa da shi, alhali babu wanda ya faɗi haka. Da zarar an dawo da akuya, hanya ta buɗe, ƙetarawa bakwai ta gama aikin. Duk lokacin da ka ga ka toshe, ka sake karanta tambayar kalma bayan kalma, kana tambayar kanka wanne aka faɗa, wanne kuma ni na kawo daga gida.

Iyakar abin

Wannan hanya tana tabbatar da cewa sakamako ya biyo bayan bayanai, amma ba ta tabbatar da cewa bayanan gaskiya ne. A takarda an yi maka alkawarin cewa fatake huɗu ne, gari huɗu ne, kuma babu bayanin ƙarya. A rayuwa babu mai yi maka wannan alkawari: tulun yana iya zama akuya ce ta ture shi, yaran kuma su uku duk gaskiya suke ganin sun faɗa. Saboda haka kada ka ɗauki dabarar Binta da Talatu ka je kana yanke wa mutane hukunci da ita a aji ko a gida. Haka kuma ba kowace tambaya da ke yawo a WhatsApp da Facebook ce aka gina da kyau ba, wasu suna da amsa biyu, wasu ba su da ko ɗaya, musamman waɗanda aka fassara aka bar "kusa da" ko "dama da" ba a fayyace ba. Ba a cewa tambaya ta lalace don ta yi wuya, sai an nuna amsoshi biyu da suka cika dukkan sharuɗɗa, ko an nuna bayanai biyu da ba za su taɓa haɗuwa ba. Ni kuma malamin aji ne, ba mai shirya jarrabawar ɗaukar aiki ba, don haka abin da na ba ka tushen tunani ne, tsarin takardar da za ka zauna kuwa sai ka nemi tambayoyinsu na baya ka gani da idonka.

Game da lokaci, gaskiya ne zana gidaje yana cin mintoci a farko, kuma a ɗakin jarrabawa za ka ji kamar ɓata lokaci kake yi. Shawarata ita ce ka raba atisayenka kashi biyu. A makonnin farko ka ajiye agogo gaba ɗaya, ka warware tambaya ɗaya ko biyu a rana, kana rubuta dalilin kowace sokewa, ko da abin ya yi kama da wasan yara. Sai hannunka ya faɗa sannan ka fara sa wa kanka lokaci, za ka kuma ga sauri ya zo da kansa, domin ido ya saba da neman layin da gida ɗaya ya rage masa. In a jarrabawa an ba da amsoshin zaɓi, kana iya bin su da bayanai kana sokewa, wanda sau da yawa ya fi warware matsalar daga tushe sauri. Wasan Sudoku, na cike gida 81 da lambobi 1 zuwa 9 ba tare da lamba ta maimaitu a layi ɗaya ba, yana da amfani wajen horar da ido a kan duban layi ta fuska biyu, kuma wanda aka gina daidai amsarsa ɗaya ce. A 2012 Gary McGuire da abokan aikinsa a ƙasar Ayalan suka tabbatar da kwamfuta cewa ba a samun mai amsa ɗaya da lambobin farawa ƙasa da 17. Sai dai Sudoku ba ya koyar da magana mai sharaɗi, wadda ita ce rauninka a yanzu, don haka kada ka tsaya a kansa.

Atisayen da na fi ba ɗalibaina masu shirin zama malamai shi ne su gina tambaya da kansu. Ka fara da amsar da kake so, mutum uku da gari uku sun isa, ka rubuta bayanai har sai hanya ɗaya ta rage, ka tabbatar akwai mai "idan" a cikinsu. Daga nan ka cire bayanan ɗaya bayan ɗaya kana duba ko amsa ta zama biyu. Wanda ka cire amsa ba ta canza ba, ba ya aikin komai, ka yar da shi. Sannan ka ba ƙanenka ko abokin karatunka ya warware a gabanka da babbar murya, kai kuma kada ka gyara masa, ka dai riƙa tambayarsa a kowane mataki wane bayani ne ya tilasta masa hakan.